Sabon Gida, Tsofaffin Masu Gida: Labarin Zaɓen Jahar Northampton

A wannan lamba za mu leƙa ƙasar Ingila, mu ji labarin wata jaha da asusunta ya ƙare ƙaf, aka rushe majalisarta, aka kafa sababbi guda biyu, aka kira jama'a su zaɓi waɗanda za su riƙe su. Cikakken sunan jahar Northamptonshire, amma don sauƙi za mu riƙa cewa jahar Northampton, da sunan babban garinta. An yi zaɓen ran Alhamis 6 ga watan Mayu na 2021. Da aka buɗe akwatuna, sai ga shi jam'iyyar da jahar ta talauce a hannunta ita ce ta cinye sababbin majalisun duka biyu, da babban rinjaye. Yaya haka ta faru? Sai mun koma baya kaɗan kafin mu gane.

Jahar da mutanenta

Jahar Northampton tana tsakiyar Ingila. Daga birnin Landan zuwa garin Northampton kamar kilomita 100 ne, arewa maso yamma. Ƙidayar da aka yi a 2021 ta nuna mutanen jahar sun kai wajen 785,000. Garin Northampton ya yi suna tun dā wajen aikin fata da ɗinkin takalma. Can arewa kuwa akwai garin Corby, wanda ya girma da ma'aikatar ƙarfe. Ma'aikata da yawa sun zo daga ƙasar Sikotilan suka zauna can. A 1980 aka daina narka ƙarfe a garin, dubban mutane suka rasa aiki. Tsakanin waɗannan garuruwa akwai ƙauyuka masu yawa da gonaki da makiyaya.

Wannan bambanci yana fitowa a akwatin zaɓe. Corby garin ma'aikata ne, ya daɗe yana bin jam'iyyar Leba. Cikin garin Northampton ma akwai unguwannin da Leba ke da ƙarfi. Mutanen karkara da na ƙananan garuruwa kuwa galibi ƴan Konsabatif ne, watau jam'iyyar masu ra'ayin riƙau.

Gida mai hawa biyu

Wata doka ta 1888 ce ta kafa majalisun jahohi a Ingila, suka kama aiki a 1889. A 1974 aka sake tsarin, ya zama kamar bene mai hawa biyu. A sama akwai majalisar jaha, a ƙasa akwai majalisun gundumomi. Kowace da nata zaɓe, da nata ma'aikata, da nata aiki.

Majalisar jaha ita ke kula da manyan ayyuka masu cin kuɗi: sha'anin makarantu, hanyoyi, gidajen littattafai, kula da tsofaffi da naƙasassu, da kare yaran da ke cikin haɗari. Gunduma kuwa ita ke kwashe shara, ta kula da gidajen haya na gwamnati, ta ba da iznin gini, ta karɓi harajin gidaje. A jahar Northampton gundumomi 7 ne: Corby, Kettering, Wellingborough, Northampton ta Gabas, Daventry, Northampton ta Kudu, da garin Northampton kansa. In an haɗa da majalisar jaha, majalisu 8 ke nan.

Masu sukar wannan tsari suna cewa talaka ba ya sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Motar gunduma ce ke ɗaukar shara a ƙofar gidansa, amma jaha ce ke da wurin zubarwa. In ya kai kuka nan, a ce masa can ne. Saboda haka tun wajen 1995 aka fara kafa majalisu masu hawa ɗaya a wasu wurare na Ingila, watau majalisa guda da ke ɗauke da aikin jaha da na gunduma gaba ɗaya. An ƙara wasu a 2009. Jahar Northampton dai ta ci gaba da hawa biyu har ranar da kuɗi suka ƙare.

Yadda asusu ya ƙare

Majalisar jaha tana samun kuɗi ta manyan hanyoyi biyu: harajin da mazauna ke biya a kan gidajensu, da taimakon gwamnatin tsakiya daga Landan. Daga 2010 gwamnatin David Cameron ta shiga tsuke bakin aljihu, ta yi ta rage wannan taimako shekara bayan shekara. A lokaci guda tsofaffi masu bukatar kulawa suna ƙaruwa, yaran da hukuma ke riƙo su ma suna ƙaruwa. Wannan wahala ta taɓa dukan majalisun ƙasar.

Amma shugabannin jahar Northampton, ƴan Konsabatif da ke riƙe da majalisar tun 2005, sun ƙara nasu a kai. Sun yi shekaru suna danne haraji, suna alfahari da cewa nasu yana cikin mafi sauƙi a ƙasa. Suka ɓullo da wani shiri na miƙa yawancin ayyukan majalisa ga ƙungiyoyi da kamfanoni na waje, da fatan za a rage kashe kuɗi. Ragin bai samu ba yadda aka zata. Suka yi ta cin ajiya don cike giɓi. Suka kuma gina sabon ofis a garin Northampton, ana kiransa One Angel Square, a kan fam miliyan 53. An buɗe shi a watan Oktoba na 2017.

Ba a cika wata huɗu da buɗe ginin ba, ran 2 ga watan Fabrairu na 2018, sai ma'ajin majalisar ya fid da wata takarda da ake kira sanarwar sashe na 114. Dokar kuɗi ta 1988 ta ce in ma'aji ya ga abin da za a kashe ya fi abin da zai shigo, kuma babu hanyar daidaitawa, tilas ne ya ba da wannan sanarwa. Da zarar ta fita, an tsai da duk wani sabon kashe kuɗi, sai abin da doka ta wajabta, kamar kare yara da marasa ƙarfi. An yi kusan shekara 20 ba a ga majalisar da ta kai ga haka ba a Ingila.

Tun a watan Janairu minista Sajid Javid ya riga ya aika da wani mai bincike, Max Caller, ya duba littattafan majalisar. Rahotonsa ya fito a watan Maris. A taƙaice ya ce laifin bai tsaya ga ƙarancin kuɗin gwamnati ba, domin wasu jahohi suna cikin irin wannan matsi ba su faɗi ba. Rashin riƙe kasafi da kyau ne, da rashin sauraron gargaɗi. Ya ba da shawara a rushe majalisar, a kafa sababbi biyu masu hawa ɗaya. Shugabar majalisar, Heather Smith, ta sauka. A watan Mayu gwamnati ta naɗa wakilanta su sa ido a kan kuɗin jahar. A watan Yuli aka sake fid da sanarwar sashe na 114 karo na biyu, giɓin ya doshi fam miliyan 70. Sabon ofis ɗin nan ma an sayar da shi fam miliyan 64, majalisar ta koma ƴar haya a gidan da ta gina.

Talakawa ne suka ji a jikinsu. An yanke taimakon da ake ba motocin bas masu shiga ƙauyuka. An shirya janye hannu daga gidajen littattafai 21 cikin 36 na jahar, inda yara da manya ke aron littafi kyauta. Jama'a suka kai ƙara, a watan Agusta na 2018 babbar kotu ta ce yadda aka yanke shawarar ya saɓa wa doka. Aikin kare yara ma ya lalace, har daga baya, a watan Nuwamba na 2020, aka cire shi daga hannun majalisa aka miƙa wa wata hukumar amana ta musamman.

Takwas sun koma biyu

Gwamnati ta nemi majalisun 8 su kawo tsarin da suke so, amma ta gindaya sharuɗɗa. Ba ta yarda da majalisa ɗaya ga dukan jahar ba, kuma ta ce kowace sabuwa ta zarce mutum 300,000. Da waɗannan sharuɗɗa, lissafi ɗaya ne ya rage: a raba biyu. A watan Agusta na 2018 majalisu 7 suka amince. Corby kaɗai ta ƙi. Mutanenta suna ganin ba su suka ci bashin ba, ga shi za a shafe majalisarsu saboda laifin wani.

Aka haɗa Corby da Kettering da Wellingborough da Northampton ta Gabas, suka zama Northampton ta Arewa, mai mutum wajen 360,000. Aka haɗa garin Northampton da Daventry da Northampton ta Kudu, suka zama Northampton ta Yamma, mai mutum wajen 425,000.

Sai jinkiri ya biyo baya. Zaɓen gundumomi da ya kamata a yi a watan Mayu na 2019 aka fasa shi, tun da za a rushe su. Aka sa zaɓen sababbin majalisu a watan Mayu na 2020, annobar korona ta zo ta ture shi da shekara guda. A tsakani, tsofaffin ƴan majalisa ne suka zauna a majalisun riƙon ƙwarya suna shirya ƙaura. Ran 1 ga watan Afrilu na 2021 majalisu 8 suka mutu, biyu suka tashi. Bayan mako biyar aka je zaɓe. Watau daga ranar da asusu ya ƙare zuwa ranar da aka tambayi jama'a ra'ayinsu, shekara uku da wata uku ne.

Abin da akwati ya ce

A Northampton ta Arewa kujeru 78 ne. Konsabatif ta samu 60, Leba 14, jam'iyyar masu kare muhalli 3, ɗan takara mai zaman kansa 1.

A Northampton ta Yamma kujeru 93 ne. Konsabatif ta samu 66, Leba 20, Libaral Demokarat 5, masu zaman kansu 2.

To, mu ɗauki alli mu yi lissafi. A zaɓen ƙarshe na tsohuwar majalisar jaha, a 2017, kafin asiri ya tonu, kujeru 57 ne, Konsabatif ta samu 43. Kashi 75 cikin 100 ke nan. A 2021 in an haɗa majalisun biyu kujeru 171 ne, Konsabatif ta samu 126. Kusan kashi 74 cikin 100 ke nan. Bayan talaucewa, da rahoto mai zafi, da shari'a, da rushe majalisa, rabon kujeru kusan bai motsa ba. Jason Smithers ya zama shugaban ta Arewa, Jonathan Nunn na ta Yamma, dukansu ƴan Konsabatif. Majalisar Yamma kuwa ta zauna a One Angel Square ɗin nan da aka sayar.

Wanda ya dubi waɗannan lambobi kawai zai ce mutanen jahar sun yafe, ko kuma da tsohuwar zuma suke son yin magani. Amma yawan kujeru da yawan muryoyi ba abu ɗaya ba ne. Akwai dalilan da ya kamata a duba.

Dalili na farko: yadda aka yanka mazaɓu

Saboda gaggawa ba a zana sababbin mazaɓu ba. An ɗauki tsofaffin mazaɓu 57 na jaha, 26 a arewa da 31 a yamma, aka ba kowace kujeru 3. Shi ya sa 26 sau 3 ya ba da 78, kuma 31 sau 3 ya ba da 93. Kowane mai zaɓe yana da ƙuri'a uku, ƴan takara uku da suka fi yawan ƙuri'a su ne suka ci. Babu zagaye na biyu, babu rabo bisa kashi.

Mu yi misali. A ce wata mazaɓa mutum 1,000 suka fito. Mutum 450 suna son jam'iyya ta farko, 350 ta biyu, 200 ta uku. Kowa ya ba ƴan takara uku na jam'iyyarsa. Jam'iyya ta farko ta kwashe kujeru uku duka, ko da yake ba ta kai rabi ba. Sauran mutum 550 sun tashi hannu banza. In haka ta faru a mazaɓu da yawa, ƙaramin fifiko sai ya zama babban rinjaye a zauren majalisa.

Wannan wuƙa ba ta san mai ita ba. A garin Kettering, a mazaɓar Clover Hill, masu kare muhalli ne suka zo gaba, suka kwashe kujeru uku duka. Su ne kujeru 3 da muka lissafa a sama.

Dalili na biyu: an zuba gari cikin karkara

Kafin 2021 Leba ce ke riƙe da majalisar gundumar Corby. A zaɓen 2021 mutanen Corby ba su sauya ra'ayi ba. Yawancin kujeru 14 da Leba ta samu a Arewa daga Corby suka fito. Amma 14 cikin 78 ba su iya tsai da komai ba. Garin da jiya yake yanke shawarar gidajensa da shararsa da gine-ginensa ya wayi gari ƴan adawa ne a babban zaure. Haka a Yamma, galibin kujeru 20 na Leba daga unguwannin garin Northampton suke, ƙuri'un ƙauyukan Daventry da na kudu suka rinjaye su. Ashe wanda ya ja iyakar sabuwar majalisa ya riga ya faɗi rabin sakamakon tun ba a buga takardar zaɓe ba.

Dalili na uku: iskar ƙasa

Ran 6 ga watan Mayu na 2021 ba jahar Northampton kaɗai ke zaɓe ba, kusan dukan Birtaniya ce. Lokacin gwamnatin Boris Johnson tana cikin farin jini, domin allurar rigakafin korona tana tafiya da sauri, ana ta sassauta dokar zaman gida. A ranar nan Konsabatif ta ƙwace kujerar majalisar dokoki ta Hartlepool, wadda ta daɗe a hannun Leba. Tun a babban zaɓen 2019 ma kujeru 7 na jahar Northampton a majalisar dokoki ta Landan duka na Konsabatif ne. Mutane da yawa a Ingila, in sun shiga rumfar zaɓen ƙaramar majalisa, shugaban gwamnati suke tunawa fiye da ma'ajin jaharsu. Ga shi kuma a irin wannan zaɓe sau da yawa kamar mutum ɗaya cikin uku ne ke fitowa.

A kan waɗannan sai a ƙara jinkirin nan na shekara uku. Majalisar da ta yi laifin ba ta nan, shugabar lokacin ta sauka tun 2018, suna sabo, tambari sabo. Mai fushi ya zo da ƙuri'arsa bai tarad da wanda zai hukunta a takarda ba.

Bayan shekara huɗu

An rushe majalisa, amma nauyin bai rushe ba. Sababbin majalisun sun gaji bashin tsohuwar, da tsofaffin da ake kula da su, da yaran da ake riƙo, da hanyoyin da ke jiran gyara. Kuma nan da nan aka ga cutar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Croydon ta fid da sanarwar sashe na 114 a 2020, Slough a 2021, Thurrock a 2022, Woking da Birmingham da Nottingham a 2023. Wasu a hannun Leba suke, wasu kuwa Konsabatif ce ta ci musu bashin.

Iskar ƙasa ma ta juya. A babban zaɓen watan Yuli na 2024 Leba ta karɓi gwamnati, ta ci 5 cikin kujeru 7 na jahar Northampton. Kafin zaɓe na biyu na sababbin majalisun an sake zana mazaɓu, aka rage kujeru zuwa 68 a Arewa da 76 a Yamma. Ran Alhamis 1 ga watan Mayu na 2025 aka je akwati. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage, wadda ba ta ci ko kujera ɗaya ba a 2021, ta karɓe majalisun duka biyu. A Yamma ta samu 42 cikin 76, Konsabatif ta faɗo daga 66 zuwa 17, Leba daga 20 zuwa 9. A Arewa ma Reform ta samu rinjaye, masu kare muhalli suka hau daga 3 zuwa 8.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, in ji magabata. Amma nan ma a yi hankali da lambobi. Tsarin nan na wanda ya zo gaba ya kwashe duka, wanda ya kumbura Konsabatif a 2021, shi ne ya yi wa Reform aiki a 2025. Kuma kamar yadda farin jinin gwamnatin Landan ya taimaki masu mulki a 2021, haka gajiyar mutane da manyan jam'iyyun biyu ta taimaki Reform, wadda ta karɓi majalisu 10 a Ingila a rana guda. A zaɓukan biyu, maganar kasafin jahar ba ita kaɗai ce a zukatan masu ƙuri'a ba.

Abin lura

A watan Disamba na 2024 gwamnatin Birtaniya ta bayyana nufinta na kawar da tsarin hawa biyu a sauran jahohin Ingila, a mai da su duka hawa ɗaya. Saboda haka abin da ya faru a Northampton ya zama abin dubawa ga maƙwabtanta.

Haɗa ofisoshi yana iya rage wa talaka yawo, ya san ƙofa ɗaya da zai je. Wannan amfani ne na gaske. Amma sabon suna ba ya biyan tsohon bashi, kuma in ba a yi hankali ba sai a tarar an sauya wa tuwo suna ne kawai. Abin da ya kai jahar Northampton ƙasa an yi shi ne cikin takardun kasafi, shekara bayan shekara, a zaman majalisa da doka ta yarda kowa ya shiga ya saurara. Waɗanda suka ceci gidajen littattafai a 2018 ba su jira ranar zaɓe ba. Sun karanta shawarar da aka yanke, sun gane inda ta kauce wa doka, suka kai ta gaban alƙali.

Saboda haka, ƴan uwa, in kun ji an karanta sakamakon zaɓe a rediyo, ko na wace ƙasa ce, kada ku tsaya ga wa ya ci kujera nawa. Ku tambaya mutum nawa suka fito, yaya aka yanka mazaɓu, kuma wa aka haɗa da wa. Mai karatu da lissafi yana iya bin waɗannan da kansa, ba sai wani ya fassara masa ba. Allah ya ƙara mana fahimta, ya ba mu shugabanni masu riƙon amana.